Harajin Gida a Ingila: Me Ya Sa Ake Yafe wa Masu Riƙon Yara?

Assalamu alaikum, masu kallo. Idan kana da ɗan uwa mazaunin Ingila, ka kira shi a watan Maris ka tambaye shi wace wasiƙa ce ba ya son gani a bakin ƙofa. Zai ce maka ta ƙaramar hukuma. Takardar harajin gida ce, kuma ba ta bar ɗan haya ba, domin wanda ke kwana a gidan shi ke biya. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, gidan da ke rukunin tsakiya a jerin darajar gidaje an yanka masa kimanin fam 2,280 a matsakaici, wato ƙarin fam 109 a kan na shekarar da ta gabata.

To amma a wasu garuruwan akwai gidajen da takardarsu ke zuwa babu ko kwabo a kanta, wasu kuma an zaftare musu rabi. Gidajen masu riƙon yara ne, waɗanda hukuma ta damƙa wa yaran da iyayensu suka kasa kula da su. Maƙwabcinsu kuwa, wanda nasa kuɗin ke hawa duk shekara, sai ya ce to shi laifin me ya yi? Tambayarsa ba ta banza ba ce, kuma ita za mu bi a yau.

Bari mu ɗan koma baya. Kafin wannan haraji, gwamnatin Margaret Thatcher ta kawo kuɗin kai, wanda kowane baligi zai biya daidai da kowa, attajiri da talaka. Dattawan Kano da Kaduna sun san irinsa, shi ne harajin da gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke tare da jangali a 1979. A Landan tarzoma ce ta ɓarke a kansa a watan Maris na 1990, kuma shekarar ba ta ƙare ba sai da Thatcher ta sauka daga mulki. A 1993 aka maye gurbinsa da harajin gidan da ake biya yanzu.

Tsarin shi ne an kasa gidaje rukuni takwas, daga A zuwa H, gwargwadon darajar kowane gida. Sai dai darajar da ake nufi ita ce ta ranar 1 ga Afrilu 1991. Ba kuskure kuka ji ba. Har yau a Ingila ba a sake kimanta gidajen ba, kuma gidan da aka gina bara sai an ƙiyasta nawa zai yi da a ce a 1991 aka sayar da shi. Sannan gidan rukunin H, komai tsadarsa, ninki uku kawai yake biya na gidan rukunin A da ke ƙaramar hukumarsu ɗaya. Kowace ƙaramar hukuma kuma da nata farashin. A shekarar 2025 zuwa 2026, a Westminster, unguwar fada da majalisa a Landan, gidan rukunin H bai wuce fam dubu biyu da 'yan kai ba, alhali a Nottingham gidan rukunin tsakiya, wato D, ya haura fam 2,600. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Me ke sa kuɗin hawa? Mutane da yawa sun ɗauka kwashe shara da fitilun titi suke biya wa. Gaskiyar ita ce, a manyan ƙananan hukumomi kusan kashi biyu cikin uku na kasafi yana tafiya ne wajen kula da tsofaffi da naƙasassu da yara masu rauni. Doka ce ta ɗora musu, ba su da ikon cewa bana babu kuɗi. Daga 2010 gwamnatin tsakiya ta yi ta rage abin da take ba su, buƙata kuwa sai ƙaruwa take yi. An ba su damar ƙara harajin har kusan kashi 5 cikin ɗari a shekara ba tare da ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ba, shi ya sa za ka ga mafi yawansu sun tsaya a kan 4.99. Wasu ma hakan bai ishe su ba. Birmingham, ƙaramar hukuma mafi girma a ƙasar, ta bayyana a watan Satumba na 2023 cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, aka bar ta ta ƙara kusan kashi 10 a shekarar da ta biyo. Bradford ma ta samu irin wannan izini a 2025.

A nan ne maganar yara ta shigo. Yara sama da dubu 80 ne ke hannun hukuma a Ingila, kuma kusan biyu cikin kowane uku suna gidajen masu riƙo. Mu a wajenmu riƙo abu ne na dangi, gwaggo ta ɗauki 'yar ƙaninta, kaka ta ɗauki jika, ba takarda ba shaida. Can kuwa sai an yi wata da watanni ana bincikenka, an duba lafiyarka da tarihinka, an tabbatar kana da ɗakin da yaron zai kwana, sannan a kawo maka yaron da galibi ba ka taɓa gani ba, wani lokacin ma cikin dare. Ana ba da alawus na ci da sutura, wanda a shekarar 2025 zuwa 2026 mafi ƙarancinsa ya kama daga kusan fam 170 zuwa kusan 300 a mako, ya danganta da shekarun yaron da yankin. Amma a idon doka mai riƙo ba ma'aikacin hukuma ba ne, mai zaman kansa ne, don haka ba shi da albashin ranar rashin lafiya. Shekara da shekaru ke nan yawan gidajen da ke wannan aiki yana raguwa.

Idan ƙaramar hukuma ba ta da gidan da za ta kai yaro, sai ta nemi kamfanin da ke da nasa masu riƙon, ta biya da tsada. Idan nan ma ba a samu ba, sai gidan kula da yara, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗannan gidaje na 'yan kasuwa ne. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya ce a shekarar 2023 zuwa 2024, gurbin yaro ɗaya a irin wannan gida ya ci sama da fam dubu 300 a shekara. Yaro ɗaya. Tun a 2022 hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci ta ce ribar da manyan kamfanonin ke ci ta wuce ƙima.

Yanzu sai mu yi lissafi, na misali. A ce wata ƙaramar hukuma tana da gidajen riƙo 200, ta yafe wa kowanne fam 2,280. Ta rasa fam dubu 456. Idan wannan yafiya ta sa an samu gurbin yara biyu kacal, waɗanda da sai an kai su gidan 'yan kasuwa, kuɗin ya dawo har da riba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan ne ya sa wurare irin su Camden, wata ƙaramar hukuma a Landan, da Liverpool suka yafe harajin gaba ɗaya, Flintshire a Wales ta yafe rabi. Dokar 1992 da ta kafa harajin ta ba kowace ƙaramar hukuma ikon rage wa wanda ta ga dama, muddin ita za ta ɗauki asarar.

Saboda haka maƙwabcin nan mai ƙorafi, ni a ganina, ya yi kuskuren abokin faɗa. Ba rangwamen mai riƙo ne ya kumbura masa takarda ba. Rashin masu riƙon ne ke cikin abubuwan da suka kumbura ta. Sai dai kada mu cika baki. Fam 2,280 a shekara bai kai fam 44 a mako ba, kuma babu mai hankalin da zai ɗauki yaron da ya taso cikin duka da yunwa saboda fam 44. Yaran da ke gidajen kula ma da yawansu suna da larurar da ba kowane gida zai iya da ita ba. Abin da rangwamen zai fi yi shi ne ya tsayar da wadda ta gaji tana shirin ajiyewa, ko ya hana ta komawa wajen kamfani.

Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin rashin adalcin yana nan, a wani wuri dabam. Kun tuna rukunan 1991? Tunda rangwamen a kan harajin gida aka ɗora shi, mai babban gida ya fi mai ƙarami samu. Mata biyu suna aiki iri ɗaya, suna tashi tsakar dare saboda kuka iri ɗaya, amma ta rukunin G an yafe mata ninki biyu da rabi na abin da aka yafe wa ta rukunin A. Wadda kuma talauci ya sa dama an rage mata harajin, ita ce ta fi kowa samun kaɗan. Ga maganar iyaka: titi ɗaya zai raba ki da wadda aka yafe wa, don kawai ƙaramar hukumarku ba ta shiga tsarin ba. Wadda ta yi rajista da kamfani kuwa galibi ba ta ciki, ko da yaran garin ne a hannunta, kuma da gangan aka yi hakan don a janyo ta. Da ni ake shawara, da kuɗin a cikin alawus aka zuba shi, kowa ya samu gwargwadon yaran da ke hannunsa, ba gwargwadon girman falonsa ba.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce kaka. Ƙidayar 2021 ta nuna yara fiye da dubu 120 a Ingila suna zaune wajen dangi ba tare da iyayensu ba, sun fi dukkan yaran da ke hannun hukuma yawa. Wannan shi ne riƙon da muka sani. Uwa ta rasu, ko uba ya shiga kurkuku, kaka ko gwaggo ta ce jinina ba zai je hannun bare ba. Ta rage wa hukuma ɗawainiyar da ta kai dubban fam, amma da yake ba a yi mata rajistar mai riƙo ba, mafi yawan irinta ba alawus, ba rangwame, takardar Maris kuma tana zuwa cif. A kasafin Oktoba 2024 gwamnati ta ware fam miliyan 40 don gwada ba irin waɗannan dangi alawus, amma a ƙananan hukumomin da ba su wuce goma ba.

'Yan uwa mazauna can, ga wata tunatarwa kafin mu rufe. Idan yaron da bai kai shekara 16 ba zai zauna a gidanku kwana 28 ko fiye, kuma kai ba kakansa ba ne, ba yayansa ba, ba kawu ko baffa ko gwaggo ko inna ba, ba kuma mijin uwarsa ko matar ubansa ba, doka ta wajabta a sanar da ƙaramar hukuma. Ɗan aminin babanka da aka turo karatu daga Zariya yana cikin wannan, haka ma ɗan abokin wasanka.