Gida arba'in a fili ɗaya, to ruwan masai ina zai tafi?

To jama'a, ku ɗauka akwai wani fili a bayan layinku, shekara da shekaru gona ce, kawai sai aka wayi gari an kafa allo wai mai filin ya rubuta wa hukumar tsara gari a canza masa shi daga gona zuwa wurin zama, gida arba'in zai gina. Abin da ake ce wa sauya tsarin fili ke nan. A taswirar hukuma kowane yanki da abin da aka ware shi dominsa, nan gidaje, can kasuwanci, can masana'antu, can noma, kuma don fili naka ne ba shi zai ba ka damar juya shi yadda ka ga dama ba. A Amurka birnin New York ne ya fara dokar da ta game gari duka a 1916, a 1926 kuma kotun ƙolin ƙasar ta ce eh, hukuma tana da wannan hurumin.

Da maƙwabta sun ji labari sai ƙorafi ya tashi, wannan ya ce cunkoso wancan ya ce hayaniya. Amma wanda ya ɗaga hannu ya ce ruwan masai fa, ina zai tafi, shi ne ya taɓo inda gizo ke saƙa.

Mu yi lissafi na misali. Gida 40, kowanne mutum 5, kowa ya yi amfani da lita 100 a rana, wanka da wanki da banɗaki. Lita 20,000 ke nan kullum, ba hutu ba ranar banza, a filin da da ruwan sama kaɗai yake sha.

Idan garin yana da babban bututun da ke kai ƙazanta wurin tacewa, tambayar ita ce zai iya ɗauka? Don an yi shi ne daidai yawan mutanen wancan lokacin, in aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ranar da aka tafka ruwan sama sai ya dawo da kaya baya, kuma gidan da ke gangare shi zai fara gani a tsakar gidansa.

In babu bututu kuwa sai tankin masai da sokawe, kuma nan ne mutane da yawa ba su gane ba. Tankin ba ya kashe ƙwayoyin cuta yadda ake zato, aikinsa ya raba, mai nauyi ya kwanta a ƙasa, maiƙo ya taso sama, ruwan tsakiya ya wuce sokawe ya tsotse cikin ƙasa. Ƙasar ce take yin ainihin tacewar. Shi ya sa irin ƙasar wurin ita ce komai. In yumɓu ce ruwan ba ya shiga, sai ya taru ya ɓullo sama da wari, in kuma tsakuwa ce ko dutse mai tsaga sai ya zarce da gudu bai tacu ba ya tarar da ruwan da rijiyoyi ke ja. Akwai gwajin da ake yi mai sauƙi, a haƙa rami a jiƙa shi sosai a cika da ruwa, a riƙe agogo a ga minti nawa yake ɗauka kafin ya sauka. Kuma dokoki da yawa suna neman a bar kamar mita 30 tsakanin inda ruwan ke tsotsewa da rijiya ko bohol, sannan gindin ramin ya ɗara ruwan ƙarƙashin ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi. To in aka yanka fili ƙanana-ƙanana, kowa da sokawensa kowa da bohol ɗinsa, don Allah mita 30 ɗin daga ina za ta fito?

Ba tsoratarwa ba ce. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho a Landan, mutum sama da 600 suka mutu, likita John Snow ya bi sawun mamatan ya ga famfo ɗaya suke sha a titin Broad, aka cire hannun famfon. Daga baya da aka tona sai ga ramin masai ko mita ɗaya bai kai ba tsakaninsa da rijiyar da famfon ke jan ruwa. Ban da kwalara da taifot akwai sinadarin naitret da ruwan masai ke kaiwa cikin ruwan sha, shi ba launi ba wari, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa miligiram 50 a lita, saboda yana hana jinin jarirai ɗaukar iskar oksijin.

Gaskiya dai wani lokacin maƙwabci ba masai ne damuwarsa ba, baƙi ne ba ya so, ya fake da guzuma yana harbin karsana. Mutane kuma suna buƙatar muhalli, wannan ba musu. Abin da ke raba gardama takarda ce. Ranar da hukuma ta kira zaman jin ra'ayi ku nemi a nuna muku sakamakon gwajin ƙasa, ku tambaya yaushe aka yi shi, don gwajin da aka yi da rani bai faɗi komai a kan lokacin ruwa ba. Ku tambaya wa zai riƙa kiran motar kwasa, tunda tanki yana son a yashe shi kamar duk shekara 3 zuwa 5, kuma in mai ginin ya sayar ya kama gabansa wa za a riƙe. Ku sa a rubuta amsar cikin sharaɗin amincewa kafin a sa hannu. Sannan tun ba a zuba bulo ko ɗaya ba ku ɗebi ruwan rijiyarku ku kai a gwada, ku adana takardar da kwanan watanta.