Milimita 1 tak: hoton MRI kafin a taɓa kansar dubura

Laccar da wani likitan sashen hoto ya yi wa ma'aikatan lafiya a Birnin Kebbi, kamar yadda aka naɗe ta.

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu huɗu zan faɗa, sai mu tashi kafin azahar in Allah ya yarda.

Na farko, wurin da muke magana a kai. Ƙarshen babban hanji ne, kamar santimita 15 daga bakin dubura zuwa sama. Na ga wasu sun sunkuyar da kai. Ku ɗago! Wannan kunyar ce take sa mutum ya shekara yana ganin jini a bayan gida, yana ɗirkar maganin basir na mai lasifika a kasuwa, sai ya rame a kawo mana shi. Ku sa safar hannu ku duba da yatsa. Kuma ku sani, ba hoto ke cewa kansa ce ba, sai an tsinko ɗan nama an kai ɗakin gwaji. Aikinmu yana zuwa ne daga baya, da tambaya guda: ina ciwon ya kai?

Na biyu, na'urar MRI kanta, mai ɗaukar hoton cikin jiki. Ƙaton maganaɗisu ce, babu hasken eksire a cikinta, da ruwan jikin mutum take aiki. Mara lafiya zai kwanta kamar rabin awa ko fiye, ba motsi, ga ƙara kamar injin casar shinkafa. Ku gaya masa tun a waje, kada ya ɗauka mun shigar da shi a casa shi (dariya). Ku tambayi ƙarfe: mai walda da ɓurɓushi ya taɓa shiga idonsa, mai na'urar bugun zuciya, da wanda harsashi ya rage a jikinsa, abin da yanzu ba baƙo ba ne a yankin nan.

To ga inda nake so mu zauna. Wa ya taɓa gyara kayan cikin rago ranar layya? Kun ga yadda kitse ke lulluɓe hanji, ga kuma wani tantani siriri a kansa? Haka ƙarshen hanjin ɗan Adam yake. Hanji a tsakiya, kitse ya kewaye shi, tantani ya rufe kitsen kamar leda. A cikin kitsen nan ne kaluluwa da jijiyoyin jini suke, nan ciwon yake fara yaɗuwa. A 1982 wani likitan tiyata a Ingila, Bill Heald, ya nuna cewa a ciro hanjin da kitsen a cikin ledarsu gaba ɗaya, kada a ɓarke ta. Kafin nan, ciwon yakan dawo wa mutane da yawa a wurin da aka yanka, don an bar saura.

Amma idan ciwon ya riga ya taɓa ledar fa? Ko hannun likita ya kai na wa, wuƙarsa ta bi ta cikin ciwo. Shi ya sa nake auna tazarar da ke tsakanin ciwon da tantanin. Idan milimita 1 ce ko ƙasa da haka, na rubuta cewa gefen yana cikin haɗari. Milimita 1! Sista, ara mini katin ATM ɗinki. Kar ki ji tsoro, albashi bai shigo ba ai (dariya). Kun ga kaurinsa? Kaɗan ya rage ya kai milimita. A kan wannan ɗan kaurin ake yanke shawarar ko a shiga tiyata kai tsaye, ko a fara da gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, da maganin kansa na wajen mako biyar zuwa shida, ciwon ya motse, ya ja da baya daga ledar, sannan a yanka. Binciken MERCURY da Gina Brown ta jagoranta, wanda ya fito a 2006, ya nuna MRI yana hango wannan gefen kafin wuƙa ta shiga. Ni dai a ganina, rahoton da bai faɗi tazarar nan ba, an ci kuɗin mara lafiya a banza. Mutum ya sayar da buhunan shinkafarsa, ya yi doguwar tafiya, a dawo masa da takarda mai cewa “akwai ƙari a dubura”? Ai yatsa ma ya faɗi wannan. Kuma ku masu ɗaukar hoton, yanka-yankan hoton su zama sirara, milimita 3, a daidaita su da kwanciyar ciwon, in ba haka ba tazarar ta yi mana ƙarya.

Na nawa muke? Na uku ko na huɗu? To, da sauri. Matakan zurfin ciwon: T2, ciwo yana cikin bangon hanji. T3, ya keto cikin kitse. T4, ya kama maƙwabta, kamar mafitsara ko farji. Kaluluwa kuwa hoton yakan yi kuskure a kanta. Hanta da huhu, hoton CT ake yi musu, mai aiki da hasken eksire. Bayan gashi a sake hoton.

Baba, ka ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah.

“Likita, yayana aka ce za a sa mashi jaka ga ciki, shi ko ya ce ya fi son ya mutu da alwalarshi.”

Allah ya ba shi lafiya, Baba. Wannan ma hoton ne ke nuna mana. Akwai tsokar da ke riƙe bayan gida a can ƙasa. Idan ciwon yana sama da ita, sau da yawa ana haɗa hanjin, ko an sa jakar tara bayan gida a jikin ciki, ta 'yan watanni ce, a rufe. Idan ya ci tsokar, jakar ta zauna ke nan, kuma masu ita suna noma, suna kasuwa, suna zuwa masallaci. Ka tambayi likitansa wacce ake nufi, ta wucin gadi ko ta dindindin, don na ga an sha gudu gida kan rashin wannan tambayar. Zancen alwala kuma, ga Malam liman a sahun gaba. Malam, gafarta, karɓi lasifikar.