Takardun Sadie da takardar ƙosai

Anti: To jama'a, tun shekaranjiya kuke ta turo mana maganar Sadie Alexander, yau kam sai mun taɓa ta. Malam, matso kusa, sanyin Jos ya cinye maka murya.

Malam: Wallahi hazon nan ne, Anti.

Anti: Baiwar Allahn nan ta yi digirin dakta kan tattalin arziki a Jami'ar Pennsylvania a 1921. Ita ce baƙar fatar Amurka ta farko da ta kai nan. Amma ga ta mace, ga ta baƙa, wa zai ba ta aikin? Sai ta koma karatun lauya, ta gama a 1927. 'Yan fannin tattalin arziki suka mance da ita har ta rasu a 1989. Jawabanta kuwa, kan a sama wa kowa aikin yi, suna nan jibge cikin akwatuna a ma'ajiyar jami'ar. Farfesa Nina Banks ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya, aka buga su a 2021. Shekara 100 cif bayan digirin daktan nata!

Auta: Da a nan ne, Anti, ai da tuni an ƙunshe ƙosai da su a kasuwar Taminus.

Malam: Kai, mai ƙosai ta fi son littafin makaranta, ya fi shan mai. Jarida ta mai tsire ce.

Auta: Ni fa na taɓa karanta amsar jarrabawar wani a jikin ƙosai, an ba shi sifili da jan biro.

Malam: Allah sarki! Ka haɗa da yaji ka cinye?

Auta: Har na nemi ƙari ko zan ga shafi na biyu.

Anti: Ku dai ba ku da dama. Abin da ke damuna, ga Ngozi Okonjo-Iweala, tsohuwar ministar kuɗin Najeriya, da ranta. Ita ta ja ragamar tattaunawar da aka yafe mana bashin dala biliyan 18 a 2005. Wasiƙun lokacin, da abin da ta rubuta da hannu, wa zai gani nan gaba? Arewa House, cibiyar adana takardun tarihi, na nan Kaduna, ma'ajiyar tarihi ta ƙasa ma haka, amma takarda ba ta da ƙafa, sai iyali sun kai. Mu kuwa sai a tura a ƙarƙashin gado, gara ta yi biki.

Auta: A ɗauka a waya mana.

Anti: Wayar da kake sauyawa duk sallah? Malam, kai za ka kawo mana yadda ake…

Malam: Lokaci ya tafi, Anti, an fara kiran magariba.

Anti: To, mako mai zuwa. Auta, kashe abin nan.