Darasi: Tsohuwar kwamfuta ta ƙi karɓar Windows 11, mene ne abin yi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ga mu a shago nan unguwar Zariya, Maraɗi. In kun ji ƙarar babura ku yi haƙuri, bakin titi muke.

Kun ga wannan kwamfutar? Wata ɗaliba ce ta kawo ta jiya da la'asar, hankalinta a tashe. Wani abokin karatunta ya ce zai sa mata Windows 11, ana tsakar aiki wuta ta ɗauke, batir kuma dama ya daɗe da mutuwa. Da safe ta kunna, sai ɗigo-ɗigon nan suna ta juyawa, ba gaba ba baya. Kuma duk rubutun kammala karatunta yana ciki, ba ta da kwafi ko ɗaya a waje. Wallahi wannan ne ya fi ci mini rai. Kafin ka taɓa tsarin kwamfuta, kwashe takardunka da hotunanka ka zuba a kile. Kuma kada ka fara sabuntawa sai batir na riƙe caji, kun san halin wutarmu lokacin zafi.

To, bari mu ceto ta. Na kunna, da zarar tambarin ya fito sai in danne maɓallin kunnawa har ta mutu. In sake. Sau biyu zuwa uku, Windows da kanta za ta gane akwai matsala ta buɗe shafin gyara mai launin shuɗi. Ga shi nan. Tata da Faransanci take, kamar yawancin namu, don haka sai mu shiga Dépannage, daga nan Options avancées, sai Désinstaller des mises à jour. Wannan hanya tana aiki ne saboda Windows tana ajiye tsohon tsarin a wani dosiye mai suna Windows.old, amma kwana 10 kawai take ba ka ka koma. Mai goge wannan dosiyen don neman fili, ya sani ya rufe wa kansa ƙofa.

Kafin ta gama, mu yi maganar da ta tayar da hankalin kowa. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10. Ba wai kwamfutarka za ta mutu ba ne, a'a, tana nan tana aiki. Gyaran tsaro ne aka daina aikowa, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi zuwa 13 ga Oktoba 2026. Ita kuwa Windows 11, da ta fito a 2021, ta zo da sharuɗɗa: RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, giga 4, fili giga 64, wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan furosesa, wato abin da ke sarrafa ayyukan kwamfuta, in ta kamfanin Intel ce, ta zama ta ƙarni na 8 zuwa sama.

Yaya za ka san ƙarnin taka? Da sauƙi. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32. Duba layin furosesa. Wannan, kun gani a kan takardar da ke jikinta, i5-6300U ce. Lambar farko bayan ɗan layin da ke bin i5, 6 ke nan, ƙarni na 6. Ba ta cikin lissafi. Kuma yawancin kwamfutocin hannu da ake shigo mana da su haka suke, 4, 5, 6. In taka ta kai 8 amma ana ce maka babu TPM, sau da yawa a kashe yake kawai. Shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa da zarar an kunna kwamfuta, da maɓallin F10 a HP, F2 a Dell, ka nemi PTT, wato TPM ɗin Intel, ka kunna. In kuma sabuntawa ta tsaya da lamba 0x80070070, fili ne ya ƙare; in 0xC1900101 ce, cire firinta da duk abin da ke liƙe a jiki ka sake gwadawa. Wani abu da mutane ba sa lura da shi: kwanan wata. In kwamfuta tana nuna shekarar da ba ita ba, ɗan batirin agogon da ke ciki ne ya mutu, kuma ko shafukan intanet za su riƙa ƙin buɗewa.

Na san akwai dabarar tsallake sharuɗɗan, ita yaron nan ya yi. Ni ba na yi wa mai kayan da zai tafi gida ya dogara da kwamfutarsa. Kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan gyara ba, sai ka wayi gari kana zaune kan tabarmar aro.

Abin da nake yi wa irin wannan biyu ne. Na farko in buɗe ta. Ku dubi fankar nan, ƙurar hunturu ce ta toshe ta kamar auduga. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, kwamfuta ba ta numfashi, dole ta rage gudu ko ta kashe kanta. Buroshi mai laushi, sabon man sanyaya furosesa, shi ke nan. Sannan in cire tsohon diski mai juyawa in sa SSD, diski mai sauri da ba ya juyawa. Ba abin da ke farfaɗo da tsohuwar kwamfuta kamar wannan. Wadda kake kunnawa ka je ka haɗa shayi ka dawo, za ta tashi kafin ka gyara zama.

Na biyu shi ne Linux Mint, wani tsarin kwamfuta da ake sawa a madadin Windows. Kyauta ce, giga 2 na RAM ma tana tashi, ko da yake 4 ya fi, akwai Faransanci, akwai LibreOffice da ke buɗe takardun Word. Gaskiya ba kowa za ta yi wa ba: mai aiki da Photoshop ko wata manhajar lissafin kuɗi ta Windows, ya tambaya tukuna. Amma ɗalibi mai rubutu da bincike, ta ishe shi. Ka samu kile mai giga 8, ka ɗora ta da manhajar Rufus, za ka iya gwada ta daga kilen ba tare da ka goge komai ba. Duba wifi, duba sauti, duba allon rubutu ya zauna a AZERTY, tsarin maɓallan Faransanci.

Yawwa, alhamdu lillahi, ga Windows 10 ta dawo. Bari in buɗe Documents... ga rubutun nata nan. Kai Sani, miƙo mini kilen can, mu kwashe shi tukuna kafin in kwance diskin.