Ƙeyar Yaron Nan Mai Farar Riga: Shin Da Gaske Ba A Juya Wa 'Yan Kallo Baya?

Assalamu alaikum jama'a. Ku fara kallon wannan ɗan guntun bidiyon tukuna.

(Bidiyon da ke yawo, da sautinsa.)

Na san da yawanku kun riga kun gan shi, don ni kaina an turo mini shi a WhatsApp ya fi a ƙirga. 'Yan wata makarantar sakandare ne a wani ƙauye can wajen Ringim, suna wasan kwaikwayo a kan wa da ƙani da suka saɓa kan iyakar gonar gado. Amma ba wanda ya tsaya kan labarin. Kowa maganar ƙeyar yaron nan mai farar riga yake yi, domin tun daga farko har ƙarshe fuskarsa ba ta fito ba. Aka yi ta cewa ai yaran ƙauye ne, ba a koya musu ba, ko ɗan firamare ya san ba a juya wa 'yan kallo baya.

Maganar nan ta dame ni, don na daɗe ina koya wa yara wasa a makarantun karkara, na kuma san wahalar da suke sha kafin su fito fili. A tsayar mini da hoton a nan.

Ku manta da yaron, ku dubi abin da ke gabansa ta saman kafaɗarsa. Ga mata nan zaune kan tabarmi, ga yara a gaba sun tanƙwashe ƙafa, ga dattawa kan benci a inuwar darbejiya. Ku dubi tsohuwar nan da ta rufe baki da gefen mayafi. Duk waɗannan fuskarsa suke kallo. Jama'a sun kewaye filin ne ta ko'ina, mai wayar kuwa ya tsaya a gefe guda. Abin da ya samu shi ne abin da duk wanda ke tsaye a wannan gefen ya samu a wannan lokacin.

Kafin ka ce ɗan wasa ya tsaya daidai ko ya yi kuskure, fara tambaya: a wane irin fage yake?

Bari in bi su da sauri, hotuna za su taya ni. Wannan na farko shi ne wanda muka saba gani a ɗakin taro na makaranta: dandamali a gaba, labule, 'yan kallo duk a gefe ɗaya suna fuskantarsa kamar masu kallon talabijin. Wannan tsari daga Italiya ya yaɗu, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen da ake buga misali da su yana birnin Parma, an gina shi a 1618. Na biyu, dandamali ne da ya kutso cikin jama'a, suna kewaye da shi ta gefe uku. Irinsa ne gidan wasan Globe da aka gina a Landan a 1599, inda aka yi wasannin Shakespeare. Na uku kuwa ba sai na nuna muku hoton wata ƙasa ba. Da'ira ce. Ita ce ta filin dambe da kokawa bayan kaka, ita ce ta mai tallan magani a kasuwar Gujungu, ita ce ta yara masu tashe in azumi ya kai goma, sun tsaya a ƙofar gida ana kewaye su. Wa ya taɓa jin an ce wa ɗan dambe ya daina juya wa mutane baya? Shi ya sa ma lokacin da aka tashi gina wa masu koyon wasan kwaikwayo wurin wasa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a shekarun 1970, da ƙasa aka gina shi, aka kwaikwayi tsarin gidan Bahaushe, ɗakuna a gefe, fili a tsakiya.

To dokar nan ta kada a juya baya, ta fage na farko ce. A can tana da dalili. Idan kowa yana gefe guda, ka juya, ka hana ɗaki gaba ɗaya ganin fuskarka, muryarka kuma ta tafi ta daki bangon baya. Don haka ake koya wa 'yan wasa tsayuwar kaikaice. Ku duba ƙafafun yarinyar nan. Tana magana da babanta na cikin wasa, amma ba ta fuskance shi sak ba. Ƙafar da ke nesa da 'yan kallo ta ɗan tura ta gaba, wadda ke kusa da su ta ja ta baya, sai ƙirjinta ya buɗe. Rabin hankalinta na wurin baba, rabin fuskarta na wurinmu. In za ta miƙa masa ƙwaryar fura, da hannun da ke nesa da mu za ta miƙa, don kada damtsenta ya gitta ya rufe mata fuska. Ƙaramin abu ne, amma ku ga bambancin. Ga shi da wannan hannun. Ga shi kuma da wancan.

Akwai wani abu da manyan 'yan wasa kan yi wa ƙanana a irin wannan dandamali, ni kuma ba na son sa ko kaɗan. Mutum ya ja da baya taku biyu daga abokin wasansa. Shi yana fuskantar jama'a sosai, abokin kuwa dole ya waiga don ya amsa masa, sai ya ba mu ƙeya. An ƙwace masa fage ke nan da rana tsaka. Turawa har suna ce wa bayan dandamali sama, gabansa ƙasa, saboda a da da gangara ake gina shi, baya ya fi gaba tudu don na nesa su gani. Wanda ya hau tudun shi ke cin moriya.

Ko a can Turai ɗin ma dokar ba ta zauna daram ba. Wani Bafaranshe, André Antoine, wanda ya kafa ƙungiyar wasansa a Paris a 1887, ya yi suna wajen juya wa 'yan kallo baya da gangan, don yana son wasa ya yi kama da yadda mutane ke zama a ɗakinsu ba tare da sanin ana kallonsu ba. Kuma baya yana magana. Uba ya ji an ce ɗansa ya sayar da gonar gado, ya juya ya dafa bango, kafaɗunsa suka sauka. Wani lokaci wannan ya fi hawaye taɓa zuciya.

Yanzu mu dawo gida, inda nake so mu daɗe.

(Ƙofar gida da yamma. An zana da'ira da toka.)

Ga da'irarmu, mun zana ta da toka, mun bar hanyoyi huɗu na shiga da fita, gabas da yamma, kudu da arewa. Ga samari biyu da suka taimaka mini, ɗaya zai fito a wa, ɗaya a ƙani. A nan duk inda ka juya akwai wanda ka ba wa baya. Ba makawa. Abin da ake nema shi ne raba fuska, kowane gefe ya samu rabonsa, kada a bar wasu da ƙeya har su gaji su fara hira.

Ku ga yadda sababbin shiga ke tsayawa. Hanci da hanci, kusa da juna, a tsakiyar fili. Mu zagaya da kyamara. Daga gabas, ƙeyar wa ta rufe fuskar ƙani. Daga yamma, ƙeyar ƙani ta rufe fuskar wa. Rabin taro ba ya ganin fuskar kowa. Wannan ita ce tsayuwa mafi muni a da'ira, kuma ita ce wadda jiki ke kai mutum gare ta in ba a gyara masa ba, don haka muke yi in muna gardama a zahiri.

Yanzu ƙani ya matsa taku ɗaya zuwa hagunsa, kafaɗar damansa ta yi saitin kafaɗar daman wansa. Ku ƙara tazara, kamar taku uku tsakaninku. Mu sake zagayawa. Kun gani? Daga gabas, ta gefen kafaɗar wa, ga fuskar ƙani ta fito. Daga yamma, ga ta wa. Babu wanda ya ga fuska biyu, amma babu wanda ya rasa ɗaya. Kuma wanda ke kallon fuskar mai sauraro bai yi asara ba. Wa yana cewa, "Kai yaro, ni za ka nuna wa iyaka? Ina nan Baba ya dasa aduwar nan." Mutanen gabas ba su ga bakinsa ba, amma sun ga idon ƙani ya kaɗa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, amma gaskiya ɗaya ce." Rabin wasa a fuskar mai sauraro yake.

Sai batun hanyoyin nan huɗu da muka bari. Ba don shiga da fita kawai suke ba. Idan kana da doguwar magana, je ka tsaya ka ba wa hanya baya. A bayanka babu kowa sai iska, gabanka kuma kusan duk taron ne. Mutane suna ɗauka tsakiyar fili ce wurin mai iko, alhali a da'ira bakin hanya ya fi ta. Shi ya sa in muka zo wurin da mai gari zai yanke hukunci, a bakin hanya muke ajiye masa kujera.

In aka zama uku kuwa, ku tuna da murhu. Duwatsu uku, kowanne a kusurwarsa, tukunya a tsakiya. Kada su jeru kamar sahu. Wanda zai daɗe bai yi magana ba ya tsuguna ko ya zauna a ƙasa, don na bayansa su hango ta saman kansa. Wannan ma al'adarmu ta sauƙaƙa mana, don mai zuwa gaban mai gari dama durƙusawa zai yi ya ce ranka ya daɗe.

Abu na ƙarshe a nan shi ne motsi. Ba a daɗewa a tsayuwa ɗaya, amma kuma ba a yawo haka kawai kamar an saki akuya a kasuwa. Kowane taku ya zama da dalilinsa daga cikin labarin. Wa ya fusata ya nufi hanyar fita, ƙani ya sha gabansa. Shi ke nan sun sauya gefe, mutanen kudu da suka daɗe suna kallon ƙeya sun samu fuska, kuma babu wanda ya lura dabara aka yi. A nan ne koyarwar Stanislavski, ɗan Rasha da ya kafa gidan wasa a Mosko tare da abokin aikinsa a 1898, take da amfani ko a ƙofar gidan mai unguwa. Tambayar da yake so ɗan wasa ya yi wa kansa ita ce: da ni ne a wannan hali, me zan yi, kuma me nake nema wurin mutumin nan? Yaron da ya san cewa abin da yake nema shi ne ya hana wansa kai ƙara, ƙafarsa da kanta za ta kai shi bakin hanya.

Murya ba ni da hotonta da yawa, don haka ku saurara kawai. Tunda kullum akwai mutane a bayanka, dole su ji ka ko ba su ga bakinka ba. Ihu ba ya yin wannan aikin, sai dai ya disashe ka kafin a kai rabin wasa. Ɗora hannu a cikinka, ja numfashi har hannun ya ɗaga, ka bar maganar ta taso daga nan, maƙogwaro a sake. Haka ladanan da suka yi zamani kafin lasifika suke kai kiran salla har bayan gari. Ka kuma ƙarasa kowace kalma, domin Hausa harshe ne na karin sauti da jan wasali. Garin da ake zama a ciki daban, garin da ake tuƙa tuwo da shi daban, in ka haɗiye su cikin ihu na baya ba zai bambance ba. Idan aka fashe da dariya, dakata ta fara lafawa sannan ka ci gaba, in ba haka ba maganarka ta bi iska.

To a maido mana da bidiyon farko.

Yaran nan suna da abin gyara, ba zan ɓoye ba. Ku duba nan, wajen ƙarshe, inda suka haɗe hanci da hanci suka daɗe. Matan da ke zaune bayan mai shuɗiyar riga sun fara leƙe, ga wata har ta miƙe tsaye da goyo. Wannan shi ne wurin da malaminsu zai gyara, taku ɗaya gefe ya isa. Amma a mayar baya kaɗan. Ku ga inda mai farar riga ya tsaya da zai yi doguwar maganarsa: daidai ɗan gibin da aka bari tsakanin benci biyu. Bakin hanya ya ba wa baya. Mai wayar ne ya zo ya tsaya a cikin hanyar.

In za ku ɗauki wasa irin wannan a garinku, ku samu abin hawa, ko amalanke ko katanga, ku ɗauko daga sama yadda da'irar za ta fito gaba ɗayanta. Ga yadda namu ya fito da muka ɗora yaro a kan amalanken shanu. Ku ƙirga fuskokin da kuke gani.