Akwai Wanda Ya Gani Tun Da Wuri

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da ɗalibai da duk wanda ya bar hidimarsa ya zo. Ba zan ja ku da nisa ba.

Na daɗe ina karanta rahotannin binciken da ake yi bayan manyan haɗura, kuma akwai abin da ke ci mini rai duk sanda na buɗe su. Da wuya ka karanta ɗaya ba ka tarar da wani mutum da ya hango abin tun bai faru ba. Wani ya faɗa ba a saurare shi ba, wani ya faɗa da ƙaramar murya, wani kuma ya haɗiye maganar saboda girman wanda ke gabansa. A kan wannan mutumin nake so mu yi magana yau.

Mu fara da tsohon labari. A ranar 10 ga Agustan 1628, ƙasar Suwidin ta saki sabon jirgin ruwanta na yaƙi mai suna Vasa daga tashar Stockholm. Sarki Gustav Adolf ne ya sa aka ƙera shi, da manyan bindigogi 64 a hawa biyu. Bai yi tafiyar kilomita ɗaya da rabi ba iska ta kaɗa shi, ya karkace, ruwa ya kwarara ta tagogin bindigogin da aka bari a buɗe, ya nutse mutanen gari na kallo. Kimanin mutum 30 suka rasu. To amma kafin wannan rana an gwada jirgin. An sa mutum 30 su riƙa gudu tare daga wannan gefe zuwa wancan. Zuwa uku kawai suka yi aka dakatar da su, don jirgin na neman kifewa a inda yake ɗaure. Babban hafsan sojan ruwa, Klas Fleming, yana tsaye yana gani. Sarki yana bakin daga yana aiko da takardu a gaggauta. Aka rasa mai cewa a dakata.

Yanzu mu zo kan wanda na fi so mu tsaya a kai, domin muna da muryoyin mutanen a naɗe har daƙiƙar ƙarshe.

Ranar 27 ga Maris 1977, wani bam ya tashi a filin jirgin saman Gran Canaria, sai aka karkatar da jirage zuwa ƙaramin filin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya. Cikinsu akwai Boeing 747 guda biyu, ɗaya na kamfanin KLM na Holan, ɗaya na Pan Am na Amurka. Filin ya cika maƙil, har hanyar da jirage ke bi su isa bakin titin tashi ta toshe, dole sai dai su bi ta kan titin kansa. Ana cikin haka hazo ya sauko. Mai kula da zirga-zirga a hasumiya ba ya ganin jiragen, su ma ba sa ganin juna, kuma filin ba shi da na'urar da ke nuna inda jirgi yake a ƙasa. Kowa ya dogara ga rediyo.

Matuƙin KLM, Kyaftin Jacob van Zanten, ba ɗan koyo ba ne. Shi ne shugaban horar da matuƙan 747 na kamfanin, hotonsa ne ma a tallarsu. Ku riƙe wannan, don shi ne zuciyar labarin. Yana cikin matsi, saboda dokar ƙasarsu ta ƙayyade awannin aikin matuƙa, in suka wuce sai a kwana a tsibirin da fasinjoji sama da ɗari biyu. Da ya juya jirgin a bakin titi sai ya fara ba inji wuta. Mataimakinsa ya ce masa a dakata, ba a ba su izini ba tukuna. Ya dakata. Hasumiya ta karanto musu hanyar da za su bi bayan sun tashi, kuma a cikin bayanin akwai kalmar "tashi". Wannan ba izinin tashi ba ne, amma kunnen da ke ɗokin jin abu, shi yake ji. Kyaftin ya saki birki.

Mai hasumiya ya ce su tsaya, zai kira su. A daidai wannan lokaci matuƙan Pan Am su ma suka danna rediyo suna cewa har yanzu suna kan titi. Saƙonnin biyu suka ci karo, abin da ya isa kunnen matuƙan KLM ƙara ce mai tsini. Amma ga inda nake so ku nutsu. Bayan 'yan daƙiƙu, injiniyan jirgin KLM, wanda ke zaune a bayan matuƙan, ya tsinci wata magana a rediyo, ya yi tambaya: shin Pan Am ɗin nan bai sauka daga titi ba ne? Kyaftin ya amsa masa da ƙarfi cewa ya sauka. Injiniyan ya yi shiru. Mataimaki ma, wanda ya riga ya gyara wa maigidansa sau ɗaya, bai sake ba. Jirgin KLM ya yi karo da na Pan Am a kan titin. Mutum 583 suka rasu, har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya kai shi yawan rayuka ba.

Wallahi duk sanda na karanta wannan tambayar ta injiniyan sai jikina ya mutu. Gaskiya tana cikin ɗakin, a bakin mutumin da ya fi kowa ƙanƙanta a matsayi, kuma ta fito da siffar tambaya saboda ladabi.

Wani zai ce ai ƙaddara ce. Na yarda, babu mai wuce ranarsa. Amma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mutum alhakin sakaci ba, kuma duk wanda aka ba amanar rayukan mutane za a tambaye shi. Haka kuma ban yarda a ɗora wa kyaftin ɗin komai a rufe littafi ba. Da an yi haka, da ba a koyi komai ba. Abin da masu harkar jiragen sama suka yi ya fi wannan amfani. Sun gyara yaren rediyo, ba a ƙara furta kalmar "tashi" sai lokacin ba da izinin ko soke shi. Sannan a shekarun da suka biyo baya suka shigo da horo na musamman, inda ake koya wa ƙaramin matuƙi yadda zai faɗi damuwarsa kai tsaye, ya maimaita in ba a ji ba, ake kuma koya wa kyaftin cewa sauraro yana cikin aikinsa. Ba su tsaya jiran a haifi kyaftin da ba ya kuskure ba.

Shekara tara bayan haka, a Amurka, aka ga wani salon. A daren 27 ga Janairun 1986, injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, wanda ya ƙera rokokin kumbon Challenger, suka shaida wa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta waya cewa kada a harba gobe. A nan ba a yi ƙaramar murya ba. Roger Boisjoly da abokan aikinsa sun yi bayani dalla-dalla: akwai zoben roba da ke toshe mahaɗar rokar, in sanyi ya yi yawa robar takan sandare ta kasa toshewa, wuta ta sami hanya. Suka ce kada a harba in ma'aunin zafi bai kai digiri 12 ba. An riga an ɗage tafiyar sau da dama, manyan NASA suka nuna rashin jin daɗi. Shugabannin kamfanin suka keɓe, ɗayansu ya ce wa shugaban injiniyoyi ya cire hular injiniya ya sa ta manaja. Suka sa hannu. Washegari aka harba cikin sanyin kusan digiri 2, bayan daƙiƙa 73 kumbon ya tarwatse da mutum bakwai, har da malamar makaranta Christa McAuliffe, ɗalibai na kallo a talabijin.

A zaman kwamitin bincike, masanin kimiyya Richard Feynman ya matse guntun robar, ya tsoma cikin kofin ruwan ƙanƙara, ya ciro, kowa ya ga ba ta koma yadda take ba. Kofin ruwa kawai. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne an sha ganin alamun ƙuna a jikin zoben a tafiye-tafiyen baya. Da aka dawo lafiya sau ɗaya, sau biyu, sau uku, sai aibin ya zama jiki, aka daina ganinsa aibi. Wannan cutar ta fi girman kai wuyar magani, domin mutanen kirki take kamawa, masu ilimi, kuma ba sa sanin ta kama su.

Hausawa na cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. To, nan ba ga wane aka gani ba, a gida aka gani, kuma bai isa ba. A ranar 16 ga Janairun 2003, lokacin da NASA ɗin dai ta harba kumbon Columbia, wani ɓallin soson da ke lulluɓe da tankin mai ya ɓalle ya doki fiffiken hagu. Irin wannan ɓallewa ta sha faruwa, an saba. Wasu injiniyoyi suka roƙa a ɗauko hoton fiffiken da tauraron ɗan'adam na soja don a duba ɓarnar, manajoji suka ga babu buƙata. Ranar 1 ga Fabrairu, kumbon na dawowa, iska mai tsananin zafi ta shiga ta ramin, ya wargaje a sararin Texas. Mutum bakwai kuma. Kwamitin da ya bincika ya rubuta cewa halayen hukumar da suka jawo haɗarin Challenger ba su gushe ba, shekara 17 a tsakani.

Na ga lokaci ya ja, nan zan dakata. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, kuma ina roƙon a fara da ɗaliban da ke zaune a can baya.