Wace ƙofa ɗaliba za ta ƙwanƙwasa?

Rabi: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka daga Damagaram. Rabi ce, ga Malam Lawali, ga ɗiyata Cima. In kun ji ƙarar kabu-kabu ku yi haƙuri, zafi ya sa muka bar taga a buɗe. Cima, ke kika zo da zancen yau, bismillah.

Cima: Na gode Tanti. Satin da ya wuce aka tara mu a anfi, wato babban ɗakin lacca na jami'a, horo na yini biyu a kan cin zarafin ɗalibai mata da nuna wariya. Ba sai na kira sunan makarantar ba. Wallahi na ji daɗi da aka yi shi, don da can zancen ko a ɗaki sai da raɗa. Amma da aka tashi, wata ƙawata ta ja ni gefe ta ce, "Cima, in abin nan ya same ni gobe, wace ƙofa zan ƙwanƙwasa?" Na tsaya ina kallonta. Yini biyu ana magana, ba wanda ya kira mana sunan ofis ɗaya ko mutum ɗaya.

Lawali: To me aka koya muku?

Cima: Ranar farko ta yi kyau, Malam. An kira abubuwa da sunansu: saƙon dare a salula, riƙe hannu a ofis, "zo gida mu duba memwar ɗinki", rage maki bayan kin ƙi. Ƴan mata da yawa sai ranar suka gane abin da suke ɗauka ƙaddara ce yana da suna, kuma laifi ne. Rana ta biyu sai zance ya karkata kan sutura. Awa kusan biyu ana gaya mana yadda za mu sa hijabi.

Rabi: Nan ne raina yake ɓaci. Shekara 20 na yi a ofishin rajistar ɗalibai. Yaran da suka zauna gabana suna kuka, yawancinsu hijabinsu har idon sawu. Sutura umurnin addini ce, ba mai ja da wannan. Amma wanda ya riƙe sa hannunsa a takardar yarinya wata huɗu, ba mayafinta yake dubawa ba, ya san dai ba ta da wata hanya sai ta wurinsa.

Lawali: Hajiya, bari in buɗe wannan ga wanda bai yi jami'a ba, don ni ina koyarwa, na san inda igiyar take. Ɗaliba ta gama shekara uku na lisans, wato digiri na farko, ko tana masta, sai ta rubuta memwar, wato kundin binciken kammala karatu. Malami ɗaya ke bin aikin. Sai ya sa hannu kafin a ba ta ranar sutnans, wato ranar da za ta kare aikin gaban malamai. In ya ce aiki bai nuna ba, to bai nuna ba, ba mai tambayarsa dalili. Shekara ta wuce, ƙawayenta sun fita, gida ana tambaya. Ba sai ya yi mata barazana da baki ba, ya isa ya daina ɗaukar wayarta.

Cima: Sai ya kira ƙarfe goma na dare.

Lawali: Haka ne. Shi ya sa nake cewa horon da bai taɓa wannan tsarin ba, wankan kaza ne da ruwan sanyi. A ba ɗaliba damar sauya mai bin aikinta ba tare da an tsare ta da tambayoyi ba. A rufe suna a takardar jarrabawa kamar yadda ake yi a bakaloriya. Wanda yake ganin an zalunce shi a maki, wani malami daban ya sake dubawa.

Rabi: Doka fa? Mutane suna zaton babu.

Lawali: Akwai. Tun gyaran da aka yi wa kundin hukunta laifuka na Nijar a 2003 aka shigar da ita. Wanda ya matsa wa wani da umurni ko barazana ko tilas don neman lalata, ɗaurin wata 3 zuwa 6 ne, da tarar jika 10 zuwa jika 100 na sefa. In mai iko ne ya yi amfani da matsayinsa, ɗaurin daga wata 3 ne zuwa ƙasa da shekara guda, tara kuma jika 20 zuwa jika 200. Dokar aiki ta 2012 ma ta hana a wurin aiki.

Cima: Jika 200, Malam? Ko sabon babur ba za ta saya ba. Ita kuwa yarinyar shekarunta na karatu ne suka tafi.

Lawali: Ban ce ya isa ba. Amma sanin cewa magana ce ta komisariya da kotu, ba ta sulhu a zaure kaɗai ba, yana sauya tsayuwar mutum. Kuma hujja tana aiki. A Ile-Ife ta Najeriya, a 2018, wata ɗaliba ta naɗi muryar farfesa a waya yana nemanta da lalata don ya ƙara mata maki. Jami'a ta kore shi, kotu ta ɗaure shi shekara 2. A 2019 kuma BBC ta shiga jami'o'in Legas da Gana da kyamarar ɓoye. Abin da nake gaya wa ɗalibaina, kada a share saƙo don kunya. A ajiye, a rubuta rana da lokaci, a gaya wa mutum ɗaya amintacce tun ranar farko.

Rabi: Ƙanena, duk wannan gaskiya ne, amma akwai ƙofar da ta fi ta komisariya nauyi, ƙofar gida. Ni uwa ce, bari in faɗa. Ƙasarmu, alƙaluman UNICEF sun ce kashi 76 cikin 100 na mata ana aurar da su kafin shekara 18. Yarinyar da ta kai jami'a daga Mirriah ko Magaria ko Tanout, an sha fama kafin a bar ta. Wani kawu ya ce a'a, uwa ta roƙa, uba ya yarda da sharaɗi. Ranar da ta koma ta ce malami ya neme ta, abin da zai fara zuwa bakin uban shi ne, "Ai dama na faɗa." Ya tattaro ta, a ɗaura aure. Ta san haka sarai. To shirunta lissafi ne ta yi, ta ga in ta yi magana ita ce za ta rasa karatu, shi kuwa gobe yana anfi da allinsa.

Cima: Tanti, kamar kin ji abin da ƙawata ta ce. Ta ce gara ta maimaita shekara da babanta ya ji.

Rabi: Shi ya sa nake roƙon iyaye maza masu saurarenmu, a fada kuke ko a kasuwar Dole. In ɗiyarka ta kawo maka wannan kuka, amana ta ba ka. Ka sa babbar rigarka ka raka ta makarantar. Malamin da ya ga uba a bakin ofis, jikinsa yana sanyi.

Lawali: Ina da abin da zan ce a madadin abokan aikina, kada a ce mun yi shari'a da ɓangare ɗaya. Akwai malamai masu tsoron Allah da ke fargabar ƙage. Ɗalibi ya faɗi jarrabawa, a ɓata wa mutum suna a WhatsApp cikin dare ɗaya. Wasu har suna kawo ayar Suratun Nur ta shaidu huɗu.

Rabi: Ayar tana maganar wanda ya jefi mutum da zina ne. Yarinyar da ta ce an riƙe mata maki ana kiranta da dare, ƙarar zalunci ta kawo, kuma zalunci ana sauraronsa ko daga bakin mutum ɗaya, a bincika. Ka lura ma, malamin kirki shi ya fi kowa cin ribar tsari. In akwai kwamiti mai bincike a asirce, magana ba za ta fara daga WhatsApp ba. Da babu inda za a kai ne take fashewa a waya.

Lawali: Na yarda. Ni dai tun da na fara aiki ƙofata a buɗe take in ɗaliba ta shigo, kuma ba na duba memwar a gida. Hadisi ya riga ya gaya mana wane ne na uku in namiji da mace suka kaɗaita.

Cima: Ɓangaren wariya kuwa minti kaɗan aka ba shi, alhali muna ganinta. Akwai yaro a ajinmu ɗan Kara-Kara. Kowa a garin nan ya san tarihin unguwar, inda aka ware masu cutar kuturta. Ranar da salula ta ɓata a aji, idon kowa kansa ya koma. Aka same ta a jakar mai ita, ba wanda ya ba shi haƙuri. Akwai kuma wata mai keken guragu, darasinmu a bene, kullum sai samari sun ɗauke ta. Ta ce min abin da ya fi mata ciwo shi ne hannun maza a jikinta kowace safiya, ba yadda za ta yi.

Rabi: Subhanallah. Wannan ai sauya aji ne kawai zuwa ƙasa.

Lawali: Wasu kuma suna fakewa da wasan taubasai. Wasan Barebari da Fulani gado ne mai kyau, UNESCO ma ta sa wasan dangin Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma wasa tsakanin waɗanda za su iya ramawa ake yinsa. Malami ya tsaya gaban ɗalibai ɗari ya kira yaro bawa ko ɗan kutare, yaron ba shi da bakin ramawa, makinsa yana hannun mai zagin.

Rabi: To Cima, ƙawarki fa? Me za ki gaya mata?

Cima: Mun zauna da delege, wato wakilin ajinmu, da ƴan ƙungiyar ɗalibai, mun rubuta takarda zuwa ga shugaban tsangaya. Muna neman a ba mu sunan mace ɗaya da namiji ɗaya da za a kai wa ƙara, waɗanda ba sa ba mu maki, a liƙa lambarsu a allon sanarwa, a kuma faɗi kwana nawa za a jira amsa. Mutum 43 suka sa hannu, 15 maza ne. Litinin za mu kai.

Lawali: Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimi a ɗaya ku riƙe.

Rabi: In kun fito ki biyo ta gida ki gaya min abin da aka ce. Jama'a, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.